Abincin Maruƙa na Buhu: Amfaninsa da Inda Shawarar Masu Shago Ta Kauce

A 'yan shekarun nan masu kiwon shanun tatsa sun ƙaru a kewayen Zariya da Kano, musamman masu ajiye ruwa-biyu, wato 'ya'yan Bunaji da aka haɗa da irin shanun Turai masu yawan nono da ake kira Firiziyan, irin haɗin da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika ta daɗe tana aiki a kansa. Da masu kiwon suka yi yawa, sai shagunan kayan dabbobi suka fara kawo abincin da aka haɗa musamman domin maruƙa. Akwai wani shago a Zariya da nake sayen irin wannan abinci a wurinsa tun lokacin da na mayar da hankali ga renon maruƙa mata, kuma yanzu da na farkon cikinsu suka haihu har ana tatsarsu, ina da abin da zan iya faɗa a kan kayan. Shagon yana sayar da abubuwa uku a matsayin tsari guda: garin madara da ake damawa a ba maraƙi, abincin farko da ake fara sa masa tun yana shan nono, da abincin girma na bayan yaye. Abincin farkon ya cancanci kuɗinsa, garin madarar sai da lalura, abincin girman kuwa kaya ne mai kyau da ake sayarwa tare da shawarar da za ta iya rage wa saniya nono har iya rayuwarta.

Ta fuskar tsafta da ajiya shagon ba shi da abin zargi sosai. Buhunan suna jere a kan katako nesa da danshin siminti, ɗakin ajiyar yana shan iska, kuma an raba wurin magunguna da wurin abinci. Akwai sikeli a bakin ƙofa wanda mai saye zai ɗora buhunsa a kai kafin ya biya, kuma ban taɓa samun buhun da ya gaza nauyin da aka rubuta ba. Likitan dabbobi yana zama a wasu ranakun mako, kuma wanda ya dace da shi zai samu bayani mai gamsarwa. Sauran ranakun sai yaran shago, masu ladabi da saurin hidima, amma abin da suka sani na kiwo daga kiwon turke ya fito, inda ƙiba ita ce abin nema.

Abincin farkon yana zuwa a buhu mai kilo 25, an murza shi ƙwaya-ƙwaya, kuma takardar jikinsa ta nuna furotin kashi 20 cikin 100, wanda ya faɗa cikin abin da masana ke nema wa maraƙi mai shan nono, wato tsakanin kashi 18 da 22. Yana da ƙanshin masara da ɗan zaƙi, ba shi da gari da yawa a ƙasan buhu, kuma wannan yana da muhimmanci domin ƙaramin maraƙi ba ya son abinci mai ƙura, yakan yi ta atishawa ya juya masa baya. Nawa sun fara lasarsa tun a makon farko idan an goga musu kaɗan a baki bayan sun sha nono, kafin wata ya cika kuma sun san hanyar komi da kansu.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan abinci da daraja yana cikin yadda aka halicci cikin maraƙi. Yana zuwa duniya da ciki mai ɗaki huɗu kamar na uwarsa, amma ɗaya ne kawai yake aiki sosai, domin nonon da yake tsotsa yana zarcewa kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu ba tare da ya sauka a tumbi ba. Tumbin yana nan ƙarami, bangonsa sumul. Abin da ke tayar da shi shi ne hatsi, domin idan hatsi ya yi tsami a ciki, sinadaran da ke fitowa su ne suke sa 'yan tsiron nan na bangon tumbi, waɗanda duk mai wanke kayan ciki ranar layya ya sani, su yi tsawo su yi yawa, kuma ta jikinsu ne dabba take tsotse amfanin abin da ta ci. Ciyawa tana buɗa tumbi tana ƙarfafa namansa, amma ba ta kai hatsi wajen wannan aikin ba. Saboda haka maraƙin da aka rena da nono da ciyawa kawai yakan rame da zarar an yaye shi, gashinsa ya tashi, cikinsa ya yi tulu, alhali kuwa yana ci, domin cikin bai shirya karɓar abin da ake zuba masa ba.

Akwai abin da takardar buhun ba ta ambata ba, sai daga bakin likitan na ji shi, wato cewa abincin ba ya aiki sai da ruwa. Mutane da yawa suna ɗauka maraƙi mai shan nono ba ya bukatar ruwa, alhali nonon ba ya shiga tumbi, kuma hatsin da ke ciki ba zai yi tsami a bushe ba. Da aka ajiye musu ruwa mai tsafta a kusa tun daga kwanakin farko, cin abincin ya ƙaru a fili. Haka kuma lokacin yaye ba a ƙirga shi da watanni, ana duba ci ne: idan maraƙa ruwa-biyu ta kai tana cinye kusan kilo guda a rana har kwana uku a jere, tumbinta ya kama aiki, sai a riƙa rage nono a hankali har a tsayar. Nawa sukan kai wannan matsayi tsakanin wata biyu da wata uku.

Bambancin da ke tsakanin wannan reno da wanda muka taso muka gani ba ƙarami ba ne. A garken gargajiya maraƙi yana kwana a dangwali, da safe a sake shi ya tsotsa domin nono ya sauko, a janye shi a tatsa, sannan a bar masa abin da ya rage, wanda a rani ba ya taka kara ya karya. Ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne maraƙi ya ninka nauyin haihuwarsa kafin ya cika wata biyu, kuma da abincin farkon nan, haɗe da nono lita huɗu zuwa biyar a rana, yawancin nawa sun kai ko sun yi kusa. Wannan girman na farko yana da alaƙa da nonon da saniya za ta bayar bayan shekara biyu. A shekarar 2012 Fernando Soberon da Mike Van Amburgh da abokan aikinsu na Jami'ar Cornell a Amurka sun fitar da binciken da ya nuna cewa kowane ƙarin kilo ɗaya na girman rana, wato nauyin da maraƙa take ƙarawa a kowace rana kafin yaye, yana tafiya da ƙarin kilo 850 na madara a tatsar haihuwar fari a garken jami'ar, da kilo 1,113 a wata gonar kasuwanci. Idan aka sauko da lissafin, ƙarin giram 100 a rana yana nufin ƙarin kilo 85 ko fiye. Shanun Holstein ne aka yi binciken da su, masu ba da nono ninkin-ba-ninkin na namu, don haka adadin a wurinmu zai yi ƙasa da wannan, amma darasin kiwon ɗaya ne: nonon da aka hana maraƙa domin a sayar yau, daga ƙwaryar tatsarta ta gaba aka cire shi.

Garin madarar ba shi da dogon bayani. Yana narkewa da kyau idan an dama giram 125 a cikin lita guda ta ruwa mai ɗumin jikin saniya, wajen digiri 39, kuma maruƙa suna sha ba gardama. Sai dai daga ƙetare ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, har wani lokaci litar da aka dama takan fi litar nonon saniya tsada. Takardarsa kuma ba ta bayyana ko furotin ɗin daga madara yake ko daga waken suya ba, alhali maraƙin da bai kai mako uku ba cikinsa ba ya narkar da na tsirrai sosai, yakan jawo masa zawo. Ina ajiye shi ne domin ranar da uwa ta mutu ko ta yi ciwon hantsa. Ba ya kuma maye gurbin dakashi, wato nonon farko da uwa take bayarwa bayan haihuwa, ko kaɗan. Dakashi shi ne garkuwar maraƙi, yana bukatar kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a sa'o'in farko, domin bayan kwana guda hanjinsa ya daina ɗaukar wannan garkuwar.

Abincin girma shi ne inda nake da magana mai yawa. Kayan kansa ba shi da laifi: furotin kashi 16 cikin 100, masara mai yawa, da gishiri da sauran ma'adanai, kuma dabbobi suna rububinsa. Laifin yana cikin abin da ake gaya wa mai saye. Na ji yaran shagon suna gaya wa mutane, ni ma sun gaya mini, cewa a cika wa maraƙa komi ta ci iya cinta, wai gwargwadon ƙibarta gwargwadon nononta. Wannan magana daidai take ga bijimin da ake turkewa domin kasuwar Sallah, amma ga macen da ake reno domin tatsa kuskure ne mai tsada, kuma tsadarsa ba ta bayyana sai bayan shekara biyu, lokacin da babu sauran gyara.

Daga kimanin wata uku har zuwa balaga, wajen wata tara ko goma a shanun Turai, hantsar maraƙa tana girma da sauri fiye da sauran jikinta, kuma a wannan lokacin ne hanyoyin da za su zama masana'antar nono suke yaɗuwa a cikin kitsen hantsa. Kris Sejrsen ɗan ƙasar Denmark da abokan aikinsa sun nuna tun farkon shekarun 1980 cewa idan aka cika wa maraƙa abinci mai ƙarfi a wannan tsakanin har ta yi saurin girma fiye da kima, naman da ke samar da nono yana raguwa, ta balaga da wuri kafin ya gama yaɗuwa, sai a wayi gari da hantsa babba a ido amma yawancinta kitse. A shekarar 2005 Zanton da Heinrichs na Jami'ar Jihar Pennsylvania sun tattara bincike da dama a kan shanun Holstein, suka gano cewa nonon haihuwar fari yana ƙaruwa da ƙaruwar girman rana har zuwa wajen giram 800, daga nan kuma sai ya fara sauka. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa isasshen furotin yana rage wannan illa, domin da shi abincin yake komawa ƙashi da tsoka, ba kitse ba. Abincin shagon nan masararsa ta rinjayi furotin ɗinsa, don haka shi ne ainihin irin wanda bai kamata a bari maraƙa ta ci ba awo ba.

Giram 800 ɗin nan ma na Holstein ne, wadda takan haura kilo 600 idan ta cika girma. Ruwa-biyun da ke hannunmu yawanci a wajen kilo 400 take tsayawa, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Ana so a yi wa karsana baye idan ta kai kashi 55 zuwa 60 cikin 100 na nauyin da za ta tsaya a kai, wato kilo 220 zuwa 240. Idan an haife ta da kilo 30, ana kuma so ta kai kilo 230 a wata 15 domin ta haihu tana da shekara biyu, to kilo 200 za ta ƙara a cikin kwana 450, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo a rana. Wannan ba ya bukatar komi cike. Kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na abincin girma a rana, tare da harawa ko busasshen ganyen waken lablab da ciyawar gamba da aka yanka kafin ta yi fure, ya wadatar. Bayan ta ɗauki ciki, musamman a wata biyun ƙarshe, ana iya ƙarawa, domin a lokacin ɗan cikin da hantsar duka suna ja.

Abin da ya fi taimaka mini wajen riƙe wannan awo shi ne kaya mafi araha a shagon, wato tef ɗin da ake zagaya ƙirjin dabba da shi a bayan ƙafafun gaba, ya nuna nauyi. An tsara shi ne da jikin shanun Turai, don haka adadinsa ga mai jinin Bunaji ƙiyasi ne, amma idan mutum ɗaya ne yake aunawa a wuri ɗaya duk wata yana rubutawa, zai ga ko girman yana tafiya daidai, ko ya tsaya, ko ya yi gudu. Hannu ma yana faɗa: haƙarƙari a ji shi idan an shafa amma kada ya fito tsirara, gindin wutsiya kuma kada ya cike da kitse. Abin takaici shi ne tef ɗin yana rataye a lungu, kuma ban taɓa jin an tallata wa mai sayen abinci shi ba.

Bai kamata wannan gargaɗin ya sa wani ya ƙuntata wa dabbobinsa ba, domin a ƙasarmu yunwa ta fi ƙiba kashe nono nesa ba kusa ba. Daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta zama kara, harawa ta yi tsada, maraƙar da aka bari da kiwon fili da ɗan dusa takan tsaya cak ko ta koma baya, kuma ko da ta murmure da damina, tsawon ƙashi da faɗin ƙugun da ta rasa ba duka suke dawowa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Bunaji a garken gargajiya takan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari, shekarun da mai ita yake ciyarwa ba tatsa. A wannan lokacin na bazara abincin girman nan yake nuna darajarsa, domin shi ne ya riƙe mini maruƙa suna ƙaruwa a hankali ba tare da sun faɗi ba. Da damina kuwa, idan ciyawa ta yi kyau, nakan rage shi zuwa rabi. Sai dai babu abincin da zai yi aiki a jikin maraƙar da tsutsar ciki da kaska suke rabawa da ita, don haka magani a kan kari yana cikin lissafin.

Game da nono, waɗanda na rena a kan wannan tsari sun ɗauki ciki ba wahala, sun haihu suna da shekara biyu da 'yan watanni, kuma sun haihu da kansu ba a ja musu ba. Suna ba da nono fiye da yadda iyayensu suka bayar a haihuwar fari, kuma ba su zube ba bayan wata biyu da haihuwa kamar yadda karsanar da ta haihu da ƙaramin jiki take yi, wadda abincinta yake rabuwa tsakanin nono da ƙarasa girma. Irin uban da aka yi bayen da shi da kulawar lokacin tatsa suna da nasu rabon a cikin wannan sakamako, amma shekarun haihuwa da girman jiki a ranar haihuwa aikin reno ne. Na kuma ga wata karsana a wurin wani mai kiwo da ya bi shawarar cika komi, mai sheƙi da kyawun gani, wadda ta sha wahalar haihuwa, nononta kuma bai kai abin da girman hantsarta ya nuna ba.

Akwai wasu nakasu da ya kamata mai saye ya sani. Buhunan abincin farko da na girma ba su ɗauke da ranar da aka haɗa su, kuma ingancin yana bambanta daga kaya zuwa kaya, wani ya zo da ƙanshi da tauri, wani ya zo da gari da yawa. A tsakiyar damina na taɓa buɗe buhu na tarar ya dunƙule yana warin hunhuna, kuma wannan ba abin wasa ba ne, domin gubar da ke fitowa daga masara da gyaɗar da suka yi hunhuna tana lalata hantar maraƙi, a saniyar tatsa kuma tana ratsawa cikin nonon da yara za su sha. Mai shagon ya canja mini buhun ba tare da jayayya ba, ya kuma yarda a riƙa buɗe buhu a duba kafin a biya, wanda hakan ya ƙara masa daraja a idona. Takardar abincin girman ba ta lissafa kayan da aka haɗa dalla-dalla ba, alhali mai kiwo yana bukatar sanin ko akwai angurya ko yuriya a ciki, tunda dukansu suna cutar da maraƙin da tumbinsa bai kama aiki ba. Saboda haka ba na yarda a musanya abincin farko da na girma domin neman sauƙi, ko da yaran shago sun ce duk ɗaya ne.

Ta fuskar kuɗi, abincin farkon ya fi dusar alkama tsada sosai, amma maraƙa ɗaya buhu ɗaya zuwa biyu kawai take ci kafin yaye, kuma ga ruwa-biyu mace wannan kuɗin yana dawowa. Ga maraƙi namiji na Bunaji da za a sayar, ban ga dalilin sayensa ba. Wanda yake da injin niƙa kusa da shi, ya kuma san awon masara da dusa da tunkuza ko waken suya, zai iya haɗa abincin girma da kansa a farashi mai sauƙi, amma abincin farkon ya fi kyau a saya haɗaɗɗe. Buhun kilo 25 ya yi yawa ga mai maraƙa ɗaya ko biyu, domin kafin su cinye shi ya sha iska ya rasa ƙanshi, kuma shagon ba ya sayarwa a mudu. Na roƙi mai shagon ya nemi masu haɗa abincin su fito da buhun kilo 10, su buga ranar haɗawa, su kuma sa jadawalin ciyarwa da Hausa, boko da ajami, mai nuna adadin da za a ba maraƙa a kowane wata gwargwadon nauyinta. Ya ce zai isar da saƙon, amma har zuwa buhun da na saya na baya-bayan nan takardar ba ta canja ba.